Horar da hankali ta kwamfuta: iya ina zai kai mai ciwon waswasi?

Mutum zai zauna gaban kwamfuta, sai wata 'yar alama ta fito a tsakiyar allo don ya kafa mata ido. Tana ɓacewa sai kalmomi biyu su bayyana, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Ɗaya mai tayar masa da hankali ce, kamar "ƙazanta" ko "jini", ɗayar kuwa ba ruwanta da kowa, kamar "kujera". Rabin sakan kawai suke yi su gushe, sai wani ɗigo ko harafi ya fito a gurbin ɗaya daga cikinsu, shi kuma aikinsa ya danna maɓalli da zarar ya gani. Haka za a yi ta maimaitawa sau ɗaruruwa, cikin minti 15 zuwa 20. Dabarar da ba a faɗa masa ba ita ce kusan kullum ɗigon yana fitowa ne inda kalmar da ba ta tayar da hankali take. Ana fata a hankali idonsa ya saba da barin abin tsoro ya koma wani wajen, ba tare da ya yi niyyar hakan ba.

Wannan shi ne horar da hankali ta kwamfuta, kuma shekaru sama da 20 ke nan masana halayyar ɗan Adam suna gwada shi a matsayin magani. Ba wuya a gane abin da ya sa yake da farin jini. Ba allura, ba ƙwaya, ba sai ka buɗe wa wani cikinka ba. Ga ɗan Arewa mai neman na kai a kasuwar Mile 12 ko Alaba Rago a Legas, zuwa asibiti yana nufin asarar cinikin yini guda a cikin cunkoso da layi, ga kuma kunyar a ce an gan shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya ba su kai 300 ba, ga al'umma ta haura miliyan 200. Idan da gaske manhajar waya za ta iya wannan aiki, ai babu wanda ya kai mu buƙatarta. Shi ya sa ya kamata a dubi maganar da idon basira, domin mai ciwo yana iya ɓata watanni a kan abin da ba zai fisshe shi ba.

Ciwon da likitoci ke kira OCD a taƙaice, wanda mu muka fi sani da waswasi idan ya yi tsanani, kashi biyu ne. Na farko tunani ne ko shakka da ke faɗo wa mutum ba da son ransa ba, kuma ya ƙi tafiya. Anya fitsari bai fallatsar min a wando ba? Anya na kulle shago? Anya maganar da na yi wa matata ɗazu ba saki ba ce? Na biyu shi ne abin da mutum ke yi don ya samu sa'ida: wanki, sake alwala, komawa duba kwaɗo, maimaita kabbarar harama, bin malami bayan malami da tambaya guda. Sa'idar tana zuwa, amma ba ta daɗewa, kuma ita ce ke ɗaure shi, domin ƙwaƙwalwa ta ɗauka cewa wankin ne ya hana bala'in aukuwa. Gobe za ta nemi fiye da na yau. Likitoci suna ɗaukarsa ciwo idan yana cin sama da awa ɗaya a rana, ko yana hana mutum aiki da zaman lafiya da iyali. Kusan mutum 2 cikin 100 suna gamuwa da shi a rayuwarsu, kuma galibi yana farawa ne kafin shekara 25.

Duk wanda ya saba salla a masallatan Hausawa na Agege ko Idi-Araba ya taɓa ganin irinsa. Saurayi ne tsugune a bakin kwata, butar farko ta ƙare a wankin hannu kaɗai, ya sake cikowa. An yi iƙama, liman ya kai ruku'u, shi yana nan yana tsattsefe yatsun ƙafar dama. Wani dattijo ya dafa shi ya ce, "Yaro, ya isa haka, tashi ka samu raka'a." Ya ce, "To, Baba," amma hannunsa bai saki butar ba. Bayan hannun ya yi fari, fatar ta tsattsage a gaɓoɓi. Ruwan nan kuma jarka-jarka ake sayensa wajen mai ruwa, don haka a gida ma rigima ce kullum. Ba jahilci ne ke damunsa ba. Ya san farillan alwala sarai, ya san ya wuce ƙa'ida, kuma wannan sanin yana cikin abin da ke ƙona masa rai.

Mugun tunanin kansa ba shi ne ciwon ba. A 2014 Adam Radomsky da abokan aikinsa sun tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, har da Saliyo, suka tarar kusan kashi 94 cikin 100 sun samu irin wannan tunani mai kutse cikin watanni uku da suka gabata. Yawancin mutane suna ganinsa ya zo ya wuce. Mai waswasi shi ne wanda ya ɗauke shi da girma, ya ce tunda ya zo min, to ni mugu ne, ko alhakin abin da zai faru yana wuyana. Sahabbai ma sun kai wa Annabi (SAW) kukan cewa suna jin abin da ba za su iya furtawa ba a zukatansu, ya nuna musu cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani.

To ina hankali ya shigo? Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mai fargaba idonsa yana riga tunaninsa kaiwa ga abin da yake tsoro. A 1986, a Landan, Colin MacLeod da Andrew Mathews da Philip Tata suka ƙirƙiro wannan gwajin ɗigo don auna hakan. Suka ga masu ciwon fargaba sun fi saurin danna maɓalli idan ɗigon ya fito a gurbin kalmar tsoro, alamar idonsu dama yana can. Bambancin ƙanƙani ne, 'yan kaso kaɗan cikin dubu na sakan ɗaya, amma an yi ta samunsa. A 2007 Yair Bar-Haim na Jami'ar Tel Abib da abokan aikinsa suka tattara bincike 172 suka tabbatar akwai wannan karkata ga masu fargaba.

Tambayar da ta biyo baya ita ce ta kawo maganar magani. Shin fargaba ce ke karkatar da hankali, ko karkatar hankali ce ke haifar da fargaba? A 2002 MacLeod, yana Jami'ar Yammacin Ostareliya, ya juya ma'aunin ya zama abin horo. Wasu ɗalibai aka saita musu ɗigon yana bin munanan kalmomi, wasu kuma yana bin marasa tayar da hankali. Bayan nan aka ba su aiki mai wuya da aka tsara don ya ɓata musu rai, sai waɗanda aka horar su bar munanan kalmomi suka fi jurewa. Daga nan ƙofa ta buɗe. A 2009 wani gwaji da Norman Schmidt ya jagoranta a Amurka, kan masu tsananin tsoron shiga jama'a, ya ba da sakamako mai ban mamaki: bayan zama takwas, kashi 72 cikin 100 na waɗanda aka horar sun fita daga sahun masu ciwon, alhali a rukunin da aka yi wa horon bogi kashi 11 ne. Mutum 36 ne kawai a gwajin, amma labarin ya bazu.

Binciken da aka fi ambata a kan waswasi shi ne na Sadia Najmi da Nader Amir a San Diyego, wanda ya fito a 2010. Sun ɗauki ɗalibai 52 masu tsananin ƙyamar ƙazanta, suka raba su biyu. Rabi aka yi musu horon gaske, rabi kuma ɗigon yana fitowa daidai wa daida a bayan kowace irin kalma. Sannan aka kai kowa gaban abubuwan da yake ƙyama, irin su tulin tufafi masu datti da masai, aka ce ya matso mataki-mataki har ya taɓa, ya tsaya inda ya ga ba zai iya ci gaba ba. Waɗanda aka yi wa horon gaske sun fi yin nisa.

Sakamako ne mai kyau, kuma ina ganin bai kamata a raina shi ba. Amma a dubi abin da aka auna. Ɗalibai ne masu alamomi, ba marasa lafiya da likita ya tabbatar musu da ciwon ba. Zama ɗaya aka yi, kuma a ranar aka gwada su. Ba a nuna cewa wani ya rage wanki a gida ba, ko ya daina sake salla bayan wata guda. Tsakanin "ya iya taɓa masai yau a ɗakin bincike" da "ya warke" akwai tafiya mai nisa, kuma a wannan tazarar ne masu tallar manhajoji suke yin shiru.

Da aka fitar da horon daga ɗakin bincike zuwa gidajen mutane, sai kwalliya ta kasa biyan kuɗin sabulu. A 2012 Per Carlbring a Suwidin ya gwada shi ta intanet kan masu tsoron jama'a, bai ga bambanci tsakanin horon gaske da na bogi ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar Harbad suka gwada shi a wayar hannu: waɗanda suka yi na gaske da waɗanda suka yi na bogi duk sun ɗan samu sauƙi fiye da waɗanda ba a ba komai ba, amma daidai da juna. Wato sauƙin bai fito daga dabarar ɗigon ba. Wataƙila daga sa rai ne, ko daga zama a tattara hankali wuri guda kullum. A 2015 Ioana Cristea da Robin Kok da Pim Cuijpers suka haɗa gwaje-gwaje 49 na wannan dangin horo, suka ga amfanin ƙarami ne, kuma yana ƙara raguwa idan aka cire binciken da sakamakonsu ya yi fice da yawa, aka kuma yi la'akari da cewa mujallu sun fi buga binciken da ya yi nasara.

Shi kansa ma'aunin yana da rauni. An nuna tun 2005 cewa idan aka auna mutum ɗaya da gwajin ɗigo yau, aka sake auna shi, sau da yawa sakamakon ba ya yin daidai. Ga masu waswasi kuma, ko karkatar hankalin ba a samunta a kowane bincike. Steffen Moritz a Hambug ya neme ta ga masu ciwon fiye da sau ɗaya bai same ta ba. Wani dalili a bayyane yake: ciwon ba fuska ɗaya gare shi ba. Kalmar da ke razana mai wanki ba ta motsa mai duba kwaɗo, balle wanda ke fama da tunanin saɓo a cikin sujada. A wurinmu matsalar ta ninku. Akasarin manhajojin da Turanci suke, da kalmomi da hotunan da aka zaɓo don wasu mutanen. Abin da ke tsinka zuciyar Bahaushe mai waswasi shi ne najasa, maziyyi, ridda, saki. Wanda bai saba karanta boko da sauri ba, kafin ya gane kalmar rabin sakan ya wuce, horon ya zama wasan danna allo kawai.

Akwai wani horo na daban da ake yawan haɗa su, wanda Adrian Wells na Ingila ya fito da shi a 1990. Shi da sauti ake yinsa: mutum yana sauraron ƙararraki daban-daban, yana ɗauke kunnensa daga wannan zuwa wancan, na kimanin minti 12. Wani ɓangare ne na babban tsarin jinya, kuma Wells da kansa ya gargaɗi kada a yi amfani da shi wajen korar tunani.

Wannan gargaɗin shi ne inda na fi jin tsoro game da horon kwamfuta a hannun mai waswasi. Duk rayuwarsa ta riga ta zama gudu: ba ya taɓa ƙarfen motar haya, ba ya shiga banɗakin gidan haya sai da takalmi na musamman, yana kau da kai daga wuƙa a kicin. Gudun ne ke ciyar da ciwon. Daniel Wegner ya nuna a 1987 cewa idan aka ce wa mutum kada ya tuna wani abu, abin yana ƙara dawo masa bayan ya saki jiki. Idan mai ciwo ya fahimci horon a matsayin hanyar toshe mugun tunani, an gudu ba a tsira ba. Masu kare horon suna cewa manufarsu ba gudu ba ce, so suke hankali ya iya ɓamɓaruwa daga abin tsoro bayan ya gan shi, kuma suna da hujja, tunda ɗaliban San Diyego matsowa suka yi, ba ja da baya ba. Na yarda da wannan. Amma ma'anarsa ita ce ko a mafi kyawun hali, horon share fage ne. Yana iya sauƙaƙa wa mutum takun farko zuwa ga abin da yake tsoro, takun kuwa sai shi ya yi da ƙafarsa.

Maganin da ya tabbata yana nan tun 1966, lokacin da Victor Meyer ya fara shi a Landan. Likitoci suna kiransa ERP, kuma yana da kyau mai zuwa asibiti ya riƙe waɗannan haruffa uku. Ma'anarsa mutum ya tunkari abin da yake tsoro da gangan, sannan ya hana kansa aikin da ya saba yi don samun sa'ida. Shi da mai jinyarsa za su jera abubuwan tsoro daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Yau ya karɓi tsohuwar naira 100 daga hannun kwandastan danfo, motar haya ta Legas, ya sa a aljihu, ya zauna awa guda bai wanke hannu ba. Zuciya za ta buga, tafin hannu ya yi gumi, ya ji kamar dattin yana tafiya a jikinsa. Idan ya daure, fargabar tana sauka da kanta, kuma ko ba ta sauka duka ba, ya koyi cewa yana iya zama da ita. Mako mai zuwa buta ɗaya, kowace gaɓa sau uku, ya miƙe ya shiga sahu ko da zuciya tana cewa bai cika ba. A babban gwajin da Edna Foa ta jagoranta, wanda ya fito a 2005, bayan mako 12 kashi 62 cikin 100 na waɗanda aka yi wa wannan jinya sun samu sauƙi sosai, masu shan maganin kulomifiramin kashi 42, waɗanda suka haɗa biyun kashi 70, masu shan ƙwayar bogi kuwa kashi 8.

Ba a ce wa kowa ya yi salla da najasa ta tabbas ba, kuma ba a hana wanke hannu bayan banɗaki ko kafin cin abinci. Legas, garin da ya ga Ebola a 2014 da kwalara a 2024, ya san darajar sabulu. Ma'aunin shi ne abin da mai hankali, mai tsafta, mai tsoron Allah yake yi a unguwar, ba ƙari.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. An kai wa Annabi (SAW) ƙarar mutumin da ke jin kamar alwalarsa ta karye a cikin salla, ya ce kada ya fita sai ya ji ƙara ko ya ji wari. Malamai suka kafa ƙa'idar cewa yaƙini ba ya gushewa da shakka. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, an ware hukuncin wanda shakka ta aure shi a salla: ya yi watsi da ita, ba gyara a kansa, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Wato ka ji shakkar, ka ƙi biye mata, ka ci gaba. Saboda haka malamin da ya gane ciwon babban mataimaki ne. Zai ba da fatawa sau ɗaya, idan aka dawo masa da tambayar karo na biyar ya ce, "Na riga na amsa maka, ɗana, ba zan sake ba." Ga mai kallo wannan kamar rashin tausayi ne, alhali shi ne tausayin. Haka uwa ko mata da ake tambaya kullum, "Kin tabbata na kulle?" Kowace "e" da ta ƙara tana ƙara wa ciwon ƙarfi, kuma ya kamata a zaunar da iyali a yi musu wannan bayani cikin ladabi, don ba laifinsu ba ne.

Kwamfuta tana da amfani na gaske idan ta ɗauko wannan jinya ce ta kawo. A 2012 Erik Andersson da abokan aikinsa a Cibiyar Karolinska ta Suwidin suka gwada jinyar tunkarar tsoro ta intanet kan mutum 101, na mako 10, da mai jinya yana bibiyar kowa ta saƙo. Kashi 60 cikin 100 sun samu sauƙi mai ma'ana, a rukunin da ba a yi wa wannan jinya ba kuwa kashi 6. Irin wannan ne nake fatan ganin an gina da Hausa, da murya ga wanda bai iya karatu ba, da misalan buta da kwaɗo da danfo, da ƙwararre a bayansa.

Kafin a kai can, mai ciwo a Legas yana da inda zai nufa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, kuma akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba da na jihar Legas da ke Ikeja. Yawancin masu waswasi ba kwantar da su ake yi ba, zuwa suke yi su koma gida. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutunci da haƙƙin mai neman jinya. Idan an je, a tambaya ko akwai masanin halayya da ya iya ERP, domin hira da ba da shawara kaɗai ba su cika taɓa wannan ciwo ba. Idan likita ya rubuta maganin fuluwoksetin ko sataralin, a sani cewa waswasi yakan nemi adadi sama da na ciwon damuwa, kuma yakan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai. Ba maganin saye a kemis da ka ba ne, ba a kuma yanke shi rana ɗaya. Wanda ciwon ya kai shi ga tunanin kashe kansa, ranar ce ta zuwa asibiti, ba gobe ba.

Wanda kuma ya ga yana son gwada manhajar horar da hankali tare da jinyarsa, ba a san ta da wata babbar illa ba, amma ya sanar da likitansa, kuma kada ya auna ta da makin da take ba shi a allo. Likitoci suna da ma'auni mai tambayoyi 10 da aka fitar a 1989, maki daga 0 zuwa 40, kuma sai makin ya sauka da kusan kashi 35 cikin 100 suke cewa magani ya yi aiki. A gida ana iya yin mai sauƙi: a rubuta minti nawa alwala take ci, buta nawa, sau nawa aka koma duba shago, a sake dubawa bayan wata guda. Idan lambobin ba su motsa ba, a ajiye ta. Idan kuma mutum ya ga yana buɗe manhajar duk lokacin da mugun tunani ya zo don ya kore shi, ko yana sake zagayen har sai ya ji "ya yi daidai", to ta shiga sahun wanki da duba kwaɗo, kuma ya kamata a sa ta cikin jerin abubuwan da zai koyi bari.